Tozon Bahago

Ranar wata Laraba, cikin damunar 1988, Bahago ya faɗi a bakin teburinsa a kasuwar birni, wuƙa na hannunsa. Wata mata ce ta zo sayen hanta, ya buɗe baki zai yi mata ciniki sai maganar ta karkace, shi ma ya karkace, ya tafi ƙasa da tebur da nama da komai. Kafin a kai shi asibiti a Tudun Wada ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa.

Sunansa na yanka Shehu, amma rabon da a kira shi da shi tun yana saurayi, lokacin da ya fara naɗa kara a hannun hagu ya shiga fagen dambe. Mahauci ne ɗan mahauci, mutumin Kusfa, kuma shekara goma sha bakwai ya yi yana dambe ba wanda ya ga gwiwarsa a ƙasa. Ranar da ya kayar da wani ƙato da aka ɗauko musamman daga yamma don a karya shi, mahautan birni suka yi masa alkawari a bainar jama'a: kullum san da aka fara yankawa a mayanka, tozonsa na Bahago ne har ya koma ga Allah. Mahauta ba su iya ƙaramin alkawari ba. Shekara talatin tozo yana zuwa, a gasa shi kitse na ɗiga, a barbaɗa masa gishiri da yaji, Bahago ya zauna ya ga bayansa, ya kora da romon ɓargo.

Da abokansa suka je dubiya suka ga hagun na nan lafiya lau, har dariya suka yi. Suka ce ai ciwon ma ya san hannun da zai taɓa. 'Yarsa Maijidda ba ta yi dariya ba. Malamar firamare ce, shekararta talatin da biyar, mijinta ya rasu ta dawo gidan uban da zama, kuma ita likita ya kira gefe ranar sallama, don wanta Nasidi ya ce shi yana da shanu a mayanka.

A gabanta likitan ya tambayi tsohon, "Baba, yau wace rana?" Bahago ya ce Juma'a, alhali Litinin ce. Ya tambaye shi 'ya'yansa nawa, ya ce biyu, ya koma ya ce huɗu, sannan ya fusata ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne.

"Malama," in ji likitan bayan sun fito, "ƙafa da hannu ba su ne suka fi damuna ba. Kan nake ji. Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sun cushe, kitse da hawan jini suka cushe su. Ɗaya ta toshe, kin ga abin da ta yi. Akwai ƙanana da za su riƙa toshewa ba wanda zai sani, sai dai ku ga hankali yana raguwa, yau ya manta rana, gobe alwala, jibi mutanensa. Magani zai sha kullum, amma rabin aikin a tukunyarki yake."

Ya rubuta mata a takarda. Gishiri ɗan taɓawa, magi babu, kitse da ɓargo da kayan ciki babu. Wake, zogale, rama, alayyafo, tuwon dawa, kifi, gwanda da lemo, man gyaɗa cokali guda. Nama marar kitse sau ɗaya a mako. Ya ce ba ya yi mata alkawarin komai, amma ya ga tsofaffi da yawa da wannan ya riƙe musu hankali har ƙarshe. Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin gyale, ta ƙudura a ranta ubanta ba zai manta da ita ba tana ji tana gani.

Kowa ya san Bazazzage da fate aka yaye shi, amma Bahago ya daɗe yana cewa fate abincin wanda ba shi da ɗan'uwa a mayanka ne. Ranar farko ta dafa masa faten tsaki da rama da wake, ta kai masa ɗaki. Ya leƙa kwanon, ya sa yatsa ya juya yana neman tsoka, bai samu ba. Ya ɗanɗana. Sai ya ɗaga kwanon da hagu ya watsa mata. Faten da zafinsa ya sauka a damtsenta, fatar ta tashi nan take. Kafin ta miƙe ya jawo sandar gorar da aka saya masa don koyon tafiya ya shauɗa mata a gadon baya.

"Ni za ki ba abincin akuya?" Maganar na fita a karkace, miyau na zuba. "Ni? A gidana?"

Ta fita ta tsoma hannu a randa, ta yi kukanta, ta sake ɗora tukunya. Kwana biyu yana watsar da abinci. Ya fasa kwanon sha, ya jefe ta da buta, ya la'anci likita da uban likita. A nan ta koyi dabarar da ta riƙe har ƙarshe: ta daina zuwa masa ta hagu. Ta ɓangaren da ya mutu take shiga, ta dire kwano, ta ja da baya kafin ya juyo. Rana ta uku yunwa ta yi aikinta, ya ci yana zaginta, loma ɗaya zagi ɗaya. Tozon da ake kawowa kuwa sai ta karɓa a bakin ƙofa da godiya, ta aika wa maƙwabta ta bayan gida.

Wata huɗu aka yi a haka, jikinta bai taɓa rabuwa da shaida ba, in ba ƙuna ba to shatar sanda. Amma abin ya yi aiki, kuma ita ta fi kowa gani. Likita ya auna jini ya ce ya sauka. Tsohon ya daina kuskuren rana. Wata la'asar tana tsince masa wake ya kama lissafa mata dangin mahaifiyarta Batulu, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce, ɗaki ɗaki, daga Ƙofar Kuyambana har na ƙauye, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya gama ya ce miyar jiya ba ta da maraba da ruwan wanki. Maijidda ta shiga ɗaki ta yi sujada don murna. Ƙafar ma ta fara ɗaukarsa, yana jan ta da sanda har zaure, kuma zauren ne ya ja mata.

Tun da aka ji Bahago yana fitowa, tsofaffin mahauta suka mayar da zauren majalisa, daga hantsi har kiran azahar. Shugabansu Labaran ne, makaɗin kalangu, wanda ya yi wa Bahago kiɗa a duk damben da ya yi. Maijidda tana fita makaranta kafin su taru, tana dawowa sun watse masallaci. Ko ranar da take gida, mace ba ta tsayawa cikin maza a zaure, iyakarta ta sunkuyar da kai ta wuce. Har daɗi ta ji, ta ce hira za ta ƙara buɗe masa kai.

Bayan 'yan makonni sai ta fara ganin abin da ba ta gane ba. Ya daina taɓa abincin rana, amma bai rame ba, kuma ya daina zagin abincin, wanda shi ne ya fi ba ta tsoro. Wata rana ta tarar yana alwala ya fara da ƙafa. Wata rana ya yi azahar sau biyu. Sai ran nan ya dube ta ya ce ta gaya wa Batulu ta kawo masa hularsa. Da ta zo wanke rigarsa ta ga maiƙo a ƙirjin, ta kai hanci, yaji ne na mai nama.

Ranar da ruwa ya yaye rufin ajinsu aka tashi yara da wuri, ta iso gida wajen sha ɗaya. Tun daga bakin lungu ƙamshin ya tare ta. A tsakiyar zaure an shimfiɗa takardar siminti, tozo a kai yana ƙyalli, Nasidi na tsugune yana yanka, Labaran na tsoma kowane yanki cikin gishiri da yaji yana miƙa wa tsohon. Maza bakwai, kowa na murmushi kamar ana ba jariri nono.

Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ratsa tsakaninsu, ta tattare takardar da naman, ta fita ta juye a kwatamin ƙofar gida. Ta shige ciki, tana jin takun Nasidi a bayanta.

"Ke! Kin san abin da kika zubar?"

"Na sani, Yaya. Guba na zubar."

"Alkawarin mahautan birni ne guba? A kasuwa ba na iya ɗaga kai. Cewa ake 'ya'yan Bahago sun mayar da shi akuya, suna yi masa kiwo da ganye. Mutum ya faɗi, ƙarfinsa ya tafi, da me ake mayar da ƙarfi in ba nama ba? Ke da bokonki kin fi kakanninmu sani?"

"Jiya Inna yake nema. Inna da muka binne da hannunmu. Kai ka sani?"

"Yunwa ce! Wata huɗu kina kashe shi da yunwa!"

"Kai ne za ka kashe shi. Ranar da likita ke bayani kana ina? Kana wajen shanu."

Marin da ya sauke mata hannun mahauci ne, sai da ta ga wuta ta dafa bango. Muciya na jingine a bakin murhu, ta sura ta maka masa a goshi, wurin ya fashe. Ya damƙi wuyan rigarta ya yi jifa da ita kan turmi, leɓenta ya tsage, ya bi ta da ƙafa. Ta kama ƙafar ta gantsara masa cizo a ƙwauri har sai da ta ji gishirin jini a bakinta. Matarsa Asabe na kururuwa, tukunyar wake ta kife a wuta, mata na leƙe ta katanga. Da ƙyar Labaran da wasu biyu suka ɓamɓare su. Daga zaure kuwa muryar tsohon ake ji yana tambaya ina namansa.

Da yamma dattawan unguwa suka zauna a kan maganar, suka yanke abin da kowa ya san za su yanke. Nasidi bai kyauta ba da ya sa hannu, amma ita ce da babban laifi: ta zubar da abinci a kwatami, ta keta maza a zaure, ta watsa wa mahauta ƙasa a ido. Aka sa ta durƙusa da kumburarren baki ta ba da haƙuri. Ta fito da takardar likita, ba wanda ya karɓa. Wani tsoho ya ce shi ma likita ya hana shi goro shekara goma da suka wuce, ga shi nan yana ci.

Abin da ya fi ci mata rai, ba mugu ko ɗaya a cikinsu. Nasidi shi ke ɗaukar uban a baya ya kai shi wanka, shi ke yanke masa farce. Son tsohon suke yi, kuma da son za su ƙarasa shi.

Ta gwada ɓoye sandar don kada ya isa zaure. Ta fito daga madafa ta gan shi yana jan ciki a tsakar gida, cikin taɓo, da hannu ɗaya, mutumin da ba a taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba. Ta ɗauko sandar ta miƙa masa tana hawaye, ya karɓa ya fara gwada ta a kanta. Ta roƙi Nasidi su je wajen likita tare ya ji da kunnensa, ya ce ba ya magana da ita. Daga ƙarshe ta sa gyale ta tafi gidan Labaran, ta durƙusa a gabansa.

"Baba Labaran, don girman Allah. Kai yake jin maganarka. Kansa ne ke tafiya."

"Tashi, 'yata. Na ga abin da kike gani, ni ma jiya bai gane ni ba sai da na yi magana." Tsohon ya share ido da bakin riga. "Amma ni na san ubanki tun ba a haife ki ba. Jininsa ne ya kwanta. Ɗan dambe in jininsa ya kwanta abu biyu ke tayar da shi, tozo da kalangu. An ba shi ɗaya. Ran Asabar zan kawo ɗayan, ki zuba ido ki gani."

Ta ce masa likita ya hana duk abin da zai tayar masa da jini. Ya yi mata murmushi irin wanda ake yi wa yara, ya ce ta gaida gida.

Asabar da hantsi tana gida, tana gyaran zogale a tsakar gida. Tun safe ta sa a ranta cewa ƙila tsohon makaɗin ya manta. Sai ta ji an ja tsarkiyar kalangu sau biyu, ana gwada murya. Daga nan taken ya tashi, wanda rabonta da ji tun tana 'yar shekara biyar a kafaɗar kawunta. Muryar Labaran ta tsufa amma ba ta mutu ba.

"Na Kusfa mai hagu ɗaya! Ango na Batulu! Wanda ya tsaya gabanka bai yi sallama da gida ba!"

Ta ajiye faifan ta matsa bakin ƙofar da ke shiga zaure, ta leƙa ta gefen asabari. Mutum ya kai ashirin, har a waje. Takardar nama na gaban uban, ya ci fiye da rabi. Yana zaune a kan buzu, kansa a sunkuye. Sai ta ga yatsun hagunsa suna naɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kafaɗar ta fara rawa, rawar ta bi jikinsa duka. Tsuma ce, duk wanda ya taɓa zuwa fage ya san ta. Ya dafa bango, ya yunƙura, ya miƙe tsaye ba sanda.

Zauren ya kaure da kabbara. Labaran ya ƙara wa kalangu wuta. Nasidi kuka yake yi wiwi don murna, yana cewa, "Kun gani? Kun gani? Ina take? Ta zo ta gani!" Ya shiga gaban uban, ya tanƙwasa gwiwa, ya miƙa hannu ɗaya gaba ya ja ɗaya baya, tsayuwar 'yan dambe, yana dariya cikin hawaye, don dai ya faranta wa tsoho rai.

Maijidda ce kaɗai ta kalli idon. Jajawur yake, kuma ba Nasidi yake gani ba.

"Yaya, kauce!"

Kiɗa ya haɗiye muryarta. Hagun ya taso daga ƙasa, da duk nauyin tsohon a bayansa, ya sami Nasidi a muƙamuƙi. Ƙarar kamar an taka ƙwarya. Nasidi ya tafi da baya, ƙeyarsa ta daki dakalin zaure, ya zube. Wasu har sun fara shewa, don a dambe nan magana take ƙarewa: mutum ya taɓa ƙasa, an gama, ba a ƙara masa ko ɗan yatsa. Ɗan mahauci tun yana goye ya san wannan, kuma Bahago ya sha korar yaransa daga fage a kan karya ta. Sai ga shi ya faɗa kan ɗansa da gwiwa, ya ɗaga hannu ya sake saukewa a fuska. Ya sake. Ya sake. Hanci ya fashe, haƙora suka zubo a kan buzu, jini ya fantsama har kan takardar naman.

Kalangu ya tsaya. Labaran ya jefar da shi ya rungumo abokinsa ta baya yana kiran sunansa na yanka, Bahago ya mayar masa da gwiwar hannu a baki, tsohon makaɗin ya kife yana tofar da jini. Maza uku suka kama hannun, ya watsar da su. Wani ya ɗauki sanda, ya rasa ta inda zai doki Bahago, ya tsaya da ita a sama yana salati.

Maijidda ta banke asabari ta shigo ba gyale. Ta manta da dabararta, ta zo masa ta hagu, ta faɗa tsakaninsa da Nasidi.

"Baba! Baba, ɗanka ne! Nasidi ne!"

Ya saki Nasidi ya kama maƙogwaronta. Yatsun nan da suka yi shekara hamsin suna riƙe ƙahon sa suka nutse a wuyanta. Tana kallonsa a kusa, tana jin warin yaji a numfashinsa, tana motsa baki tana cewa ni ce, sauti ba ya fita. Ya dube ta kamar yadda ake duban baƙon da ya shigo gida ba sallama. Zauren ya fara yi mata duhu. Can sai ta ji riƙon yana sassautawa, yatsa ɗaya, biyu, bakinsa ya ƙara karkacewa, idon ya juye, ya kife a kanta da duk nauyinsa.

A tasi ɗaya aka kai su asibiti, uba da ɗa. Nasidi ya rayu, aka ɗaure masa muƙamuƙi da waya, kunnensa na dama bai ƙara ji ba. Likitan ya dubi shatar yatsu a wuyan Maijidda, bai tambaye ta komai ba. Ya ce wata jijiyar ce ta tafi, babba. Jikin zai tashi, tsohon na da ƙarfi. A ci gaba da abincin nan da magani, in Allah ya so za su tare faɗuwa ta uku.

"Kan fa, likita?" Muryarta a shaƙe take.

"Abin da ya rage shi za mu riƙe, Malama. Wanda ya tafi ba na jin zai dawo."

Washegarin ranar da aka sallamo su, da sassafe, sai ga tozo a ƙofar gida, a naɗe cikin takarda, don ba wanda ya san yadda ake kwance alkawarin shekara talatin. Nasidi ne ya karɓa. Bai iya magana ba saboda wayar. Ya sa takalmi ya ɗauka ya taka da ƙafa har mayanka, ya ajiye a gaban manyan mahauta, ya tsaya yana kallonsu da kumburarriyar fuska har sai da suka sunkuyar da kai. Daga ranar ba a sake kawowa ba. Da ya dawo ya tsaya a bakin madafa ya daɗe, Maijidda na tankaɗe, sannan ya tsuguna ya kama hura mata wuta.

Bahago ya zama mutum mai sanyi. Ba zagi, ba jifa, sanda ma sai an miƙa masa. Duk wanda ya shigo zai gaishe shi da ladabi ya tambaye shi mutanen gida, ko Nasidi ne. Maƙwabta suka ce ai sauƙi ya samu. Maijidda da za a mayar mata da mai zagin nan, ko da sandarsa, da ta karɓa da hannu biyu.

Wata ranar Alhamis bayan azahar ta kai masa faten wake da zogale da ɗan kifi. Ya karɓa ya yi bisimilla, yana ci a hankali. Da ya kai rabi sai ya sa yatsa ya ja layi a tsakiyar kwanon, ya tattara sauran gefe ɗaya, ya tsince kifin duka ya ɗora a kai, ya jawo faifai ya rufe.

"Baba, cinye mana. Akwai saura a tukunya."

"A'a, baiwar Allah, na ƙoshi. Wannan na 'yata ne."

Ta zauna a bakin tabarma.

"Wace 'yar taka?"

"Maijidda. Ƙarama ce, ba ki san ta ba. Tana makarantar allo, yanzu za a taso su. Da yunwa take dawowa, kuma ba ta faɗa, sai dai ki ga ta yi shiru." Ya gyara zaman faifan. "Tana son kifi."

Ta ce to, bari ta taya shi jira. Suka zauna, shi yana kallon ƙofa, ita tana kallonsa. Kaji suka shigo suka fita. Inuwar katanga ta matso har bakin ɗakin. Da aka kira la'asar ya fara motsi, damuwa ta bayyana a fuskarsa.

"Ba ta saba kai wa yanzu ba. Don Allah, baiwar Allah, leƙa mini hanya. Yaran lungun nan ba su da kirki, kada wani ya taɓa mini ita."

Maijidda ta tashi ta sa gyale, ta ratsa tsakar gida, ta shiga zaure. Ba kowa a ciki. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon lungun, ta toshe baki da gyale ta yi kuka har ya ishe ta. Sannan ta goge fuska ta koma ciki.

"Kin gan ta?"

"Na gan ta, Baba. Tana tafe."

"Ba abin da ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta."

Ya yi ajiyar zuciya, ya ɗora hagunsa a kan faifan don kada kaji su buɗe, ya ci gaba da kallon ƙofa.